Ƙawanyar Gas da Daidaiton Harbi: Nazari a Kan Haɗa Bindigar Gasa Samfurin AR-15 a Amurka

Tsakure

Wannan takarda ta duƙufa a kan wani ɗan guntun ƙarfe da bai wuce girman akwatin ashana ba, wanda ake zura wa bututun bindiga samfurin AR-15 domin ya tari gas daga hudar bututun, ya miƙa shi ga tiyon da ke motsa sakata. Masu sana'ar a Amurka suna kiransa gas bulok. A nan an kira shi ƙawanyar gas, saboda yadda yake kewaye bututu kamar munduwa a hannu. Takardar ta bi asalin tsarin tun daga Eugene Stoner, ta auna hanyoyi uku da ake ɗaure ƙawanyar, ta kuma kafa hujja cewa a bindigar gasa, kyawun ƙawanya yana ga ƙarancin nauyin da take ɗora wa bututu.

1.0 Gabatarwa

A sansanin Camp Perry da ke bakin tafkin Erie a jihar Ohayo ake gudanar da gasar harbi ta ƙasar Amurka tun shekarar 1907. A rukunin bindigar soja, ɗan gasa yana harbi a tsaye daga yadi 200, a zaune daga yadi 200, a kwance daga yadi 300, sannan ya ja baya zuwa yadi 600, wato kusan mita 549, ya kwanta rub da ciki ya yi harbi 20 a tsanake. Da'irar maki goma a allon yadi 600 faɗinta inci 12 ne. A cikinta akwai ƙaramar da'ira mai alamar X, faɗinta inci 6, wadda da ita ake raba gardama idan maki ya zo ɗaya.

Ma'aunin da 'yan gasa ke magana da shi shi ne mintin kusurwa, kashi ɗaya cikin sittin na digiri. Minti ɗaya yana buɗe inci 1.047 a yadi 100, ya kai kusan inci 6.3 a yadi 600. Ke nan da'irar X ba ta ma cika minti guda ba. Idan aka mayar da lissafin kan bututu mai tsawon inci 20, karkacewar minti ɗaya ba ta wuce inci 0.006 a baki ba, kimanin milimita 0.15, kaurin fallen takarda ɗaya da rabi. Duk abin da zai iya tura bututu da wannan ɗan kima, yau ya tura gobe ya saki, ya isa ya fitar da harsashi daga da'irar tsakiya. Ƙawanyar gas tana zaune a jikin bututun, kuma ta cikinta ne kaɗai bututun ke haɗuwa da sauran injin bindigar bayan mazauninsa. Dalilin da ya sa na zaɓe ta ke nan.

Ya kamata in faɗa tun farko cewa wannan sana'a ta Amurka ce, inda doka a yawancin jihohi ta yarda mutum ya haɗa bindigar gasarsa. A Nijeriya, Dokar Makamai ta 1959 ta hana ƙerawa ko haɗawa ko gyaran bindiga sai a wuraren da hukuma ta amince. Abin da ya shafe mu a wannan takarda shi ne darasin injiniyanci da ke ciki, wato yadda haɗuwar ƙarfe biyu ke sauya halin na'ura gaba ɗaya.

2.0 Asalin Tsarin

Tura gas kai tsaye zuwa ga sakata ya girmi Stoner. Bindigar Ljungman ta ƙasar Suwidin ta 1942 da MAS-49 ta Faransa duk sun yi amfani da tiyo mai hura gas a kan maɗaukin sakata. Abin da Stoner ya kawo a kamfanin ArmaLite, wanda ya nemi rajistar mallakarsa a 1956 aka ba shi a 1960, shi ne shigar da gas cikin maɗaukin kansa. A ciki gas ɗin yake faɗaɗa tsakanin wutsiyar sakata da bangon maɗauki, sai maɗaukin ya ja baya, ya murɗa sakata digiri 22.5 ta saki haƙoranta guda bakwai. Da haka ya kawar da fistin mai nauyi daga saman bututu, ya sa duk ƙarfin turin ya bi layi ɗaya da ramin bututun. Ya fara da AR-10, sannan Robert Fremont da James Sullivan suka rage girmanta ta zama AR-15, wadda aka sayar wa kamfanin Colt a 1959, sojan Amurka suka karɓe ta da sunan M16.

Maƙeran bindigar gasa sun daɗe da sanin cewa kayan gas abokan gaba ne ga daidaito. A M1 Garand, silindar gas tana hawa kan tsagi uku a kusa da bakin bututu, kuma idan ta yi sako-sako sai saitin gaba ya riƙa rawa, don haka suke dandaƙa gefen tsagin har ta zauna daram. A M14 kuwa suna haɗe silindar da zoben gaba su zama abu guda. Da rundunar gwanayen harbi ta sojan Amurka, wadda aka kafa a Fort Benning a 1956, ta koma ga M16 a shekarun 1990, ta tarar da tsarin da ba ya neman wannan wahala. Babu fistin, babu sanda mai kai da komo. Abin da ya rage a jikin bututu shi ne ƙawanya da siririn tiyo, don haka duk hankalin maƙeri ya tattaru a kansu.

3.0 Abin da Ke Faruwa Cikin Milisakan Guda

Harsashin .223 Remington da wannan bindiga ke harbawa yana da iyakar matsi fam 55,000 a kowane murabba'in inci bisa ƙa'idar masana'antun Amurka. Daga tashin albarushi zuwa fitar ƙwayar harsashi daga bututu mai inci 20, lokacin bai wuce milisakan ɗaya da 'yan kai ba. Hudar gas tana kimanin inci 13 daga gindin bututu, faɗinta a M16A2 inci 0.093. Ƙwaya mai nauyin giren 77, irin wadda ake gasa da ita, tana fita da gudun kusan ƙafa 2,700 a daƙiƙa, saboda haka tana cinye sauran inci 7 da ke tsakanin huda da baki cikin kimanin rubu'in milisakan.

A wannan ɗan taƙi gas ya shiga ƙawanya, ya yi kwana, ya kama hanyar tiyo mai tsawon inci 15. Maɗauki abu ne mai nauyi, ga sifirin a bayansa, kafin ya yi wani motsin kirki ƙwayar ta riga ta bar baki. Wannan ya nuna cewa kai da komon sakata ba shi ne babban abin da ke watsa harbi ba. Abin dubawa shi ne halin da bututun yake ciki kafin a ja kunama, da yadda yake kaɗawa yayin da ƙwaya ke cikinsa.

Kaɗawar bututu tsohon bincike ne. Arnulph Mallock ya gabatar da takarda a kansa ga ƙungiyar masana ta Royal Society a Landan a 1901, Harold Vaughn kuma ya auna shi da na'urori a littafinsa na 1998. Bututu yana karkarwa kamar tsirkiyar da aka taɓa, kuma inda bakinsa ya dosa a daidai lokacin fitar ƙwaya, can za ta nufa. Ɗan gasa ba ya buƙatar karkarwar ta daina. Bukatarsa ita ce ta zama iri ɗaya a kowane harbi, domin abin da ba ya sauyawa ana gyara shi da saiti. Ƙawanya nauyi ce da aka ɗaura a tsakiyar wannan tsirkiya. Idan ta zauna wuri ɗaya da ƙarfi ɗaya, ta zama ɓangaren bututun. Idan tana ɗan motsi, ko tana gugar wani abu, kowane harbi da irin tasa karkarwar.

4.0 Hanyoyi Uku na Ɗauri

Ana sassaƙa wa ƙawanya mazauni na musamman a jikin bututu, mai kafaɗa a bayansa. Kaurin mazaunin da aka fi sani shi ne inci 0.625 da 0.750 da 0.875 da 0.936, na ƙarshen nan biyu na bututu masu kauri ne irin na gasa. Abubuwa uku ake so daga ƙawanya a kan wannan mazauni: ta toshe gas kada ya zurare, ta tsaya kada ta motsa, kuma kada ta matse ramin bututu. Matsalar ita ce na farko da na biyu suna son a ɗaure tamau, na uku kuma yana son a sassauta.

Hanyar soja ita ce ƙusa. A M16, gindin saitin gaba shi ne ƙawanyar, ana huda shi tare da ƙasan bututun a buga ƙusoshi biyu masu siririn kai. Wannan ɗauri ba ya kuncewa ko bindiga ta faɗi a kan dutse, ko an maƙala mata banati. Amma ƙusa mai siririn kai aikinta ke nan ta buɗa ƙarfe ta cusa kanta, kuma tana yin haka ne a tazarar 'yan milimita daga ramin da ƙwaya za ta bi. Ga sojan da rayuwarsa ta rataya a kan bindigar, wannan ciniki ne mai riba. Ga wanda ke neman da'irar inci 6 a yadi 600, tsada ce da ba dole ba. Shi ya sa maƙeran bindigar gasa da dama suka koma ɗaure gindin saitin da ƙananan sukurori, abin da ya ƙara ba su damar juya shi kaɗan har saitin baya ya tsaya a tsakiya.

Hanya ta biyu ita ce ta sukuru mai tokare bututu daga ƙasa. Ana ɗan ƙwarzane gurbi a ƙasan mazaunin, daidai ƙarƙashin hudar gas, domin kan sukurun ya faɗa ciki. Tana da fa'ida biyu: gurbin yana saita ƙawanya da huda, sukurun kuma yana jawo rufin ƙawanya ya danne bakin hudar, gas ya rasa mafita. Aibinta shi ne duk ƙarfin ɗaurin ya taru a wuri ɗaya ko biyu da ba su fi kan fensir ba. A mazauni mai inci 0.750, naman ƙarfen da ke tsakanin waje da ramin bututu bai kai inci 0.27 ba. Idan aka ɗaure fiye da kima, maƙeri na iya jin wurin da hannunsa: ya tura dunƙulen dalma mai laushi ta cikin ramin da sanda, yana tafiya sumul, sai ya zo daidai ƙawanya ya ji ya ɗan cije, ya wuce ya sake sakewa. Ƙwayar da ta matse a wannan wuri, ta fita zuwa inda ramin ya fi faɗi, ta rasa riƙon da take da shi a sauran inci bakwai na tafiyarta, alhali nan ne ya fi muhimmanci.

Hanya ta uku ita ce ta matsewa. Ƙawanyar tana da tsaga a ƙasa, sukurori suna ratsa tsagar a kwance, idan an ɗaure sai ta rungume mazaunin ta kowane gefe. Ƙarfin ya bazu a duk kewayen, babu gurbi, babu huda, kuma ana iya cirewa ba tare da an bar tabo ba. Ni a ganina, wannan ce ta fi dacewa da bindigar gasa, kuma dalilina na lissafi ne: ƙarfi ɗaya idan ya bazu a fili mai faɗi, abin da kowane wuri ke ɗauka kaɗan ne, kuma matsin da ya zo daidai ta ko'ina ba ya lanƙwasa bututu gefe guda. Ban ce ba ta da nata ba. Ta fi girma, don haka ba kowace rigar da ke lulluɓe bututu take shiga ba, kuma duka mai ƙarfi na iya juya ta. Sai dai bindigar gasa daga jaka take zuwa tabarmar harbi, ta koma jaka.

Akwai abin da ya fi nau'in ɗauri muhimmanci, wanda kuma aka fi mantawa da shi, wato dacewar ramin ƙawanya da mazaunin tun kafin a taɓa sukuru. Ƙawanyar da ta shiga da ɗan turi na hannu, ba ta girgiɗi, ɗan ɗauri kaɗan ya ishe ta. Wadda ta shiga tana lilo, dole sai an ƙure sukuru kafin ta toshe gas, kuma a nan ne ɓarnar take farawa. Yawancin laifin da ake ɗora wa sukuru, asalinsa gibi ne da aka nemi a cike da ƙarfin hannu.

Sai zancen irin ƙarfen. Alminiyam yana faɗaɗa da zafi kusan ninki biyu na ƙarfen bututu: kimanin kashi 23 cikin miliyan a kowane digiri, shi kuwa ƙarfe 11 zuwa 12. A mazauni mai milimita 19, idan zafi ya ƙaru da digiri 100, bambancin ya haura milimita 0.02. A ido ba komai ba ne, amma ma'anarsa ita ce ƙawanyar alminiyam tana sassauta riƙonta daidai lokacin da ake tsakiyar harbin sauri na yadi 300, ta koma ta kama bayan bututu ya huce. Ƙawanyar ƙarfe tana numfashi tare da bututun.

5.0 Saitin Huda da Zaman Tiyo

A asalin tsarin soja akwai wani faifan ƙarfe mai kaurin kusan inci 0.03 da ke zama tsakanin kafaɗar bututu da gindin saitin gaba, yana riƙe mariƙin hannu. Bindigar gasa mai sakakkiyar riga ba ta amfani da shi. Wasu ƙawanyoyi an huda su da lissafin faifan yana nan, wasu kuma an yi su don su jingina da kafaɗa kai tsaye. Wanda bai auna ba, ya tura ƙawanya har ƙarshe, zai iya kauce wa huda da kusan sulusin faɗinta. Ana yin hudar ƙawanya ta ɗara ta bututu faɗi don ta haɗiye ƙaramin kuskure, amma ba kowane ba.

Bututun da kansa yana ba da shaida. Idan aka zare ƙawanya bayan an yi harbi da ita, za a ga baƙin zoben toka a kan mazaunin, sawun hudar ƙawanyar. Idan hudar bututu tana tsakiyar zoben, zama ya yi kyau. Idan ta raɓe a gefe, ko zoben ya yanke ta, an kauce. Idan kuwa aka ga baƙin ya yi jela ya zarce gaba ko baya a jikin ƙarfen, gas na zurarewa ta nan. Madubin leƙen ramin bututu yana nuna wannan tun kafin harbin farko.

Tiyon gas ya fi kowane sashe saurin yaudara. Yana fitowa daga ƙawanya, ya bi saman bututu, ya ratsa ta notin da ke ɗaure bututun, ya shiga gangar jikin bindiga, inda makarɓin gas da ke kan maɗauki yake zuwa ya haɗiye kansa duk lokacin da sakata ta rufe. Idan ƙawanya ta ɗan karkata dama ko hagu, kan tiyon ba zai fuskanci makarɓin sosai ba. Bindigar za ta yi aiki lafiya lau, domin makarɓin zai ture tiyon ya shiga da ƙarfi. Amma tiyon da aka ture ya zama sanda mai tsawon inci 15 da ke murɗa ƙawanya, ƙawanya kuma tana murɗa bututu, kuma ƙarfin murɗar yana sauyawa da zafi da datti. Maƙera suna gane wannan da hanya mai sauƙi: su cire sakata, su bar maɗauki kaɗai ya zame da nauyinsa. In ya rufe shiru, tiyo ya zauna daidai. In ya ɗan tsaya, ko aka ga kan tiyon ya yi tsalle, akwai gyara. A tsohuwar bindiga kuwa, kan tiyon da ya cinye ta gefe ɗaya ya riga ya faɗi labarin.

Haka zancen riga yake. A rukunin bindigar soja ɗan gasa yana ɗaure maɗauri a damtsensa ya ja shi da ƙarfi sosai. A M16 ta asali, zoben maɗaurin yana jikin gindin saitin gaba, wato jan yana sauka kai tsaye a kan ƙawanya da bututu. Maganin da aka samo shi ne rigar ƙarfe da ke ɗaure a gangar jiki kaɗai, ta lulluɓe bututu ba ta taɓa shi ba, aka mayar da zoben maɗauri kanta. Amma riga tana lanƙwasa idan an ja ta. Gibin da ake gani tsakaninta da ƙawanya a kan teburin maƙeri yana iya rufewa idan mutum ya kwanta ya ja maɗauri, don haka a wannan hali ya kamata a duba shi.

6.0 Yawan Gas

Sojan Amurka sun koyi darasin yawan gas da tsada. Da aka sauya albarushin M16 daga IMR 4475 zuwa WC846 a 1964, matsi a bakin huda ya ƙaru, injin ya riƙa gudu fiye da yadda aka tsara shi, kuma wannan na cikin abubuwan da kwamitin majalisa ƙarƙashin Richard Ichord ya gano a rahotonsa na 1967 kan cijewar bindigar a Biyetnam. A fagen gasa abin bai kai ga rai ba, amma alamun iri ɗaya ne: sakata na buɗewa kwanso bai gama sakin bango ba, bakin kwanso na lanƙwashewa, bindiga na zabura ta ɗauke ido daga allo.

Bindigogin rukunin da ba a ƙayyade siffarsu ba sukan ɗauki bututu mai inci 24 zuwa 26, kuma maƙera sukan matsar da huda gaba da inci ɗaya ko biyu don matsi ya ragu kafin gas ya shiga. Wata hanyar ita ce ƙawanya mai sukurun rage gas. Tunanin ba sabo ba ne. FN FAL ta Beljiyam, wadda sojan Nijeriya suka daɗe suna riƙewa, tana da zoben da ake juyawa a zubar da rarar gas. A AR-15 akan rage har a kai inda sakata ke tsayawa a buɗe bayan harsashin ƙarshe, sannan a ƙara kaɗan saboda ranar sanyi da ranar datti. Ina da ɗari-ɗari da ita a bindigar da za ta yi gasa mai tsawo, domin sukurun yana zaune a cikin wutar gas, toka na kama shi, wuta na cin kansa, kuma saitin da aka yi a farkon kaka yana iya zama wani abu dabam a ƙarshenta. Huda mai faɗin da ya dace tun daga wajen maƙeri ba ta da abin da zai kunce.

7.0 Yadda Ya Kamata a Gwada

Yawancin gardamar da ake yi kan ƙawanya ana yin ta ne da huji uku ko biyar a allo, kuma wannan bai isa hujja ba, domin bindiga ɗaya da harsashi ɗaya suna iya ba da tarin huji biyar masu bambancin faɗi sosai ba tare da an taɓa komai ba. Gwajin da nake ba da shawara shi ne a ɗauki bututu ɗaya, a ɗaure bindigar a kan madogarin ƙarfe don a cire hannun mutum daga lissafi, a yi amfani da harsashi daga kaso ɗaya. A fara da ƙawanyar matsewa tun da ba ta barin tabo, a bi da ta sukuru a matakan ɗauri uku da aka auna da sifana mai ma'auni, a ajiye ta ƙusa a ƙarshe saboda ba a komawa baya daga gare ta. A kowane mataki a auna ramin bututu da ma'aunin iska kafin harbi, a yi aƙalla harbi 50, a lissafta matsakaicin nisan kowane huji daga tsakiyar tarin maimakon nisan huji biyu mafi nesa. A kuma rubuta inda tsakiyar tarin ta koma tsakanin harbi goma na farko da bututu ke da sanyi da goma na ƙarshe da ya ɗau zafi, domin a wannan ƙaura ce tasirin ƙawanya zai fi bayyana.